Kogin Gada ne ko Gulbin Maraɗi?

Ɗan Jibiya: Abin nan yana ci mini rai. Ruwan da ya taso daga ƙasar Katsina, muna kiransa Kogin Gada, a kansa aka gina madatsar Jibiya. Da ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar sai taswira ta ce Gulbin Maraɗi, har 'ya'yanmu na karanta shi haka. An ƙwace mana suna muna kallo.

Na Madarunfa: Malam, ka janye “ƙwace”. Gulbin yana shigowa ta wajen Nyelwa, ya bi Madarunfa, Jiratawa, Maraɗi, Tibiri, Gidan Runji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Duk garuruwan nan a bakinsa suke zaune. Wa ya ƙwaci na wa?

Malam Bakatsine: Kuma Maraɗawan ai Katsinawa ne. Sarautar Katsina ce ta koma can bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Mutum ba ya ƙwatar kayan gidansu.

Ɗan Jibiya: To a ce “ɗauke”.

Na Madarunfa: In ana maganar ƙwace, ruwa aka ƙwace. Madatsar Jibiya tana riƙe wajen mita kubik miliyan 142. Da can ambaliyar damina ke shimfiɗa laka a fadama, ta cika rijiyoyi, a yi noman rani da damshin da ta bari. In aka tare ruwan farkon damina, fadama ba ta jiƙa sosai, rijiyar lambu sai an ƙara mata zurfi, manomi ya koma sayen fetur na injin ban ruwa.

Injiniya: Alhaji, a yi adalci. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu kan rabon ruwa, kuma a cikinta sunaye biyun aka jera, Gada da Gulbin Maraɗi. Sannan sare itatuwa ya sa yashi na cike kwarin, wannan ba laifin madatsa ba ne. Ambaliyar ma ba kullum alheri ba ce, ita ta rushe tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka tashe shi zuwa tudu.

Bagobirin Tibiri: Kowa Katsina, Katsina. Gobirawa fa? Daga Tibiri har Sabon Birni su waye a bakin gulbin?

Malam Bakatsine: Ku da kuka zo Tibiri bayan an ci ku a yaƙin Gawakuke? Katsinawa kuka tarar.

Bagobirin Tibiri: Gobir ta girmi wannan maganar, Malam. A bar tone-tone.

Hajiya Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, za a rufe. Abin da ya fito fili: babu wanda ya ƙwaci suna, Gulbin Maraɗi shi ne sunan da duniya ta sani, kuma mutanen fadamar Madarunfa ne aka tauye a kan ruwa. Batun Gobir a buɗe masa wani zauren.

Ɗan Jibiya: Hajiya, yashin da Injiniya ya ambata fa? Ba ki sa shi ba.