Da wane ma'auni rukunin kamfanoni ke zaɓen abin da zai sa a gaba wajen sauke haƙƙin al'umma?

Ɗan Kasuwa:
Assalamu alaikum. A ce rukuni ɗaya yana da kamfanin siminti, na sufuri, na sarrafa abinci, da banki. Kowanne da irin tasa ɓarnar da irin nasa amfanin. Amma idan ka buɗe rahoton shekara, sai ka ga "ilimi, lafiya, muhalli" kamar an kwafo daga wuri guda. Wa ke yanke wannan hukunci, kuma ta wace hanya ake bi idan ana son a yi shi da gaske?

Mai Bin Diddigi:
Wa alaikumus salam, Malam. Hukumar daraktoci ce ke sa hannu, amma aikin daga ƙasa yake tasowa. Da farko ana tara dogon jerin batutuwa, ko da sun kai 30, daga abin da ke hannu: rajistar haɗurra, ƙorafin ma'aikata da na maƙwabta, tarar da hukumomi suka ci kamfani, shari'o'in da ke kotu. Don kada a manta wani ɓangare, ana duba ISO 26000 na 2010, jagoran ƙasa da ƙasa kan sauke haƙƙin al'umma, mai fannoni 7: shugabanci, haƙƙin ɗan'adam, ƙwadago, muhalli, gaskiya a harkar ciniki, haƙƙin masu saye, da cigaban al'umma. Jagora ne kawai, ba a ba da takardar shaida a kansa, don haka duk wanda ya ce ya samu satifiket ɗinsa a dube shi da kyau.

Sai a auna kowane batu, misali daga maki 1 zuwa 5. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam sun ba da tambayoyi uku na auna tsananin illa: yaya munin ta, mutum nawa take shafa, kuma ko za a iya gyara ta. Bayan nan a ƙara yiwuwar aukuwarta. Akwai ma'auni na biyu, wato yadda batun zai taɓa aljihun kamfanin kansa, kamar ƙarancin ruwa ga masana'antar abinci. Dokar Tarayyar Turai ta CSRD, wadda ta shafi rahoton kamfanoni kan muhalli da al'umma, tana so a duba ɓangarorin biyu tare. A ƙarshe a ja layi, a bar batutuwa 5 zuwa 7. Kowanne a ba shi darakta mai alhakinsa, kasafin kuɗi, adadin da za a cim ma, da wa'adi. Batun da ba shi da mai shi, a takarda zai mutu.

Hajiya Mai Lissafi:
Mai Bin Diddigi ya faɗi tsarin daidai, amma a rukuni akwai ramin da ake yawan faɗawa: haɗa makin kamfanoni a raba. Ƙurar siminti za ta ci maki 5 a kamfani ɗaya, ta ci 1 a sauran ukun, sai matsakaici ya fito 2, batun ya faɗi ƙasan layi, alhali mutanen da ke kusa da masana'antar suna shaƙar ta kullum. Haka ma idan aka ba kamfani mai yawan riba nauyi mafi girma, bankin zai danne kowa. Gyaran shi ne a ɗauki maki mafi girma, ba matsakaici ba. Tsarin GRI na 2021, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na rubuta rahoton tasirin kamfani, ma ya ce idan illar ta shafi haƙƙin ɗan'adam, tsananinta ke gaba da yiwuwarta.

Shi ya sa ake yin hawa biyu. Uwar kamfani ta kafa abin da ba wanda zai sauka ƙasa da shi: hana rashawa, kare lafiyar ma'aikata, hana aikin ƙananan yara. Sannan kowane kamfani ya ƙara nasa biyu ko uku. Na sufuri ya kama awannin tuƙin direbobi da gyaran birki, banki ya kama wanda yake ba bashi da yadda yake karɓo kuɗinsa.

Kada kuma a tsaya a bakin ƙofar masana'anta. Ginin Rana Plaza da ya rushe a Bangaladash a 2013 ya kashe mutum fiye da 1,100, kuma masu ɗinka tufafi ne ga manyan kamfanonin ƙetare waɗanda ba su ne suka ɗauke su aiki kai tsaye ba. Masu kawo kaya suna cikin lissafi.

Ɗan Kasuwa:
Na gode, Hajiya. To ina matsayin gudummawa, irin su makarantu da asibitoci?

Tsohon Akawu:
Tana da wurinta, amma a aljihu daban. Kuɗin rage hayaƙi ko sayen kayan kariya kuɗin gudanarwa ne, bai kamata a cire shi daga asusun kyauta ba. A Indiya, dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribar shekaru uku da suka wuce, amma dokar adadi take faɗa, ba ta iya zaɓa maka aikin da ya dace.

Inda ake tafka kuskure: a gina ajujuwa ba a tanadi albashin malamai ba, ko a haƙa rijiyar burtsatse ba kuɗin gyara, shekara biyu famfo ya tsaya. Kafin a amince da aiki, a rubuta kuɗin kula da shi na aƙalla shekaru 5 da wanda zai karɓe shi. A kuma ƙirga sakamako, wato yara nawa suka iya karatu, ba kujeru nawa aka raba ba. Tuntuɓar jama'a ma sai an yi hattara, domin idan shugabanni kaɗai aka zauna da su, buƙatun mata da na leburori ba za su shigo ba. Muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 kuwa, bayan an gama zaɓe ake danganta aiki da su, ba a lissafo dukkansu a bangon rahoto ba.

A sake duba jerin duk shekara, a yi sabon awo duk shekara biyu ko uku, ko kuma da zarar rukunin ya sayi wani kamfani ko ya shiga sabuwar ƙasa.