Sabuwar Camry: LE, SE ko XLE? Waɗanda suka hau ku ba ni shawara

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar mota ku taimaka min. Ina zaune a Kolombus ta jihar Ohayo da iyali, yara uku, babban yana firamare ƙaramar kuma har yanzu a kujerar jarirai ake ɗaure ta. Corolla ɗinmu ta yi mana kaɗan kuma ta fara cin kuɗin gyara, shi ne nake son in ɗauki sabuwar Camry, wannan da suka sauya wa fasali tun samfurin 2025. Abin da ya ɗaure min kai, yanzu duk Camry ɗin da ake sayarwa a nan Amurka haibirid ce, babu V6 babu mai fetur zalla, inji ɗaya ne mai lita 2.5 haɗe da batir, amma a samfurin 2025 sun kasa ta gida huɗu, LE da SE da XLE da XSE. Lokacin da ta fito LE dala 28,400 ce, SE 30,700, XLE 33,400, XSE kuma 34,600, banda kuɗin kawowa da haraji. Kenan dubu biyar cif tsakanin LE da XLE alhali inji ɗaya ne ƙarfi ɗaya.

Maiɗakina XLE take so saboda kujerun fata da ɗumama kujera, ni kuma zuciyata na kan LE, dilan da na je wajensa shi kuma SE yake ta tura min yana cewa ita ce tsaka-tsaki. Sannan ga maganar mai ja da ƙafa huɗu, ƙarin dala 1,525 lokacin da ta fito, ko ya zama dole saboda ƙanƙarar da muke sha a nan? Na ƙarshe, niyyata in Allah ya kai mu bayan shekara biyar ko shida in tura ta gida Kaduna ta zama motar gida, to ina son in ji daga bakin bakanikai ko haibirid za ta iya da hanyoyinmu. Na gode.

Direba Mai Sammako:

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ni LE nake ja, da ita nake aikin ɗaukar fasinja ta waya, daga asuba har azahar ina cikinta, don haka abin da zan faɗa maka ba na takarda ba ne.

Kafin ka duba komai ka tsuguna ka duba taya. LE wilinta inci 16 ne, tayar 205/65, wato tana da nama sosai. SE da XLE inci 18 ne, XSE kuma 19, tayarta siririya kamar an shafa roba a jikin wili. Idan hunturu ya wuce a garuruwanku ka san yadda kwalta ke farfashewa, gishiri da ƙanƙara sun cinye ta, ramuka ko'ina, to a nan ne za ka gane darajar taya mai kauri, ni na sha faɗawa rami in ji ƙara har raina amma in fito in duba ba abin da ya samu wilin, abokin aikina mai XSE kuwa rami ɗaya ya yi masa ƙulu a gefen taya ya kuma lanƙwasa wilin, sai da ya canza duka biyun. Kuma ranar canjin taya huɗu ma 'yan 16 sun fi araha nesa ba kusa ba.

Shan mai kuma, lissafin hukuma na samfurin 2025 LE mil 51 take yi a galan, kusan kilomita 21 da ɗoriya a lita ɗaya kenan, sauran ukun 47, XSE mai ƙafa huɗu ta sauka har 44. Da rani nakan ga abin da ya kai haka ko kusa, amma da sanyi ya kankama sai ta sauka don injin yakan daɗe yana aiki saboda hita, kar wannan ya tsorata ka, haka duk haibirid take. Tankin galan 13 ne kacal amma sai ka manta rabonka da gidan mai.

Kuma kar wani ya ce maka LE fanko ce. Esi mai raba sanyi gida biyu, ƙofar iska ta mutanen baya, cajin waya ba tare da igiya ba, CarPlay da Android Auto masu haɗa waya da allon mota, na'urar da ke gargaɗi in akwai mota a gefenka da ba ka gani a madubi, da birkin da ke kama kansa in za ka daki wani, duk suna cikin LE. Abin da ba ka samu ba shi ne babban allo, naka inci 8 ne na XLE 12.3, kujera yadi ce ba fata ba. Maganar ɗumama kujera da Hajiya take so, ana iya ƙara wa LE kunshin kayan sanyi, kujerun gaba da sitiyari su riƙa ɗumi, ba sai ka biya dubu biyar ba. SE kuwa gaskiya ban ga abin da za ta yi wa mai yara uku ba, sun ɗan ƙara mata taurin shokozoba don masu son kwana da gudu, kai kuma makaranta da masallaci da kasuwa za ka.

Maman Sadiq:

Yaya Baban Hanifa ni dai zan tsaya wa matarka, kuma ba don son gayu ba. Malam Direba ya yi gaskiya a kan taya amma maganar mai bari mu yi lissafi. Mai gida irinku da zai yi mil 15,000 a shekara, LE za ta sha galan 294, XLE galan 319, bambancin galan 25 ne a shekara guda cur, in galan na wajen dala uku bai kai dala ɗari ba. Shi da yake yini a titi abin zai taru masa, ku kam ba zai taru ba. Don haka a cire mai daga cikin dalilan.

Mu XLE muke da ita. Abin da ya sa ban yi nadama ba guda biyu ne. Na farko shiru, gilasan ƙofofin gaba masu hana ƙara ne, in kun hau babbar hanya za ku yi hira da na baya ba tare da ɗaga murya ba, jaririya ta yi barcinta. Na biyu kujera. Duk uwar da ta taɓa kankare madara ko alewar da ta narke daga kujerar yadi ta san abin da nake nufi, sai ka wanke ka shanya wari na nan. Sai dai ku lura kujerar XLE ba fata zalla ba ce, an haɗa ta da wani yadi mai laushi a wasu wurare, shi ma yana son kula. In gogewa da tsumma kawai ake so, kujerar SE ta fatar roba ce, ita ta fi sauƙin sharewa a cikinsu duka, wataƙila nan ne kaɗai dilan naku yake da hujja.

Amma abin da na fi so ku yi kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku ɗauki kujerun yaran na gaske ku tafi da su wajen dila, ku ɗaura su a baya, ku sa babban ya zauna a tsakiya ya gwada ɗaure bel da kansa. Kujerar baya faɗinta ɗaya ne daga LE har XSE, kuɗi ba ya ƙara mata ko inci guda. In hannunsa ba ya shiga tsakanin kujerun ya kai ga maɗaurin bel, to kullum da safe sai an yi rigima, kuma maganar Camry ta ƙare sai ku duba Sienna ko Highlander. Ku tafi da keken jaririyar ma ku saka a but ku gani.

Abu Marwan:

Malam kana Kolombus, masana'antar Honda tana nan Marisbil kusa da kai inda ake ƙera Accord, ai bai kamata ka yanke hukunci ba ka je ka hau ta ba. Bayanta ya fi na Camry sarari, wajen miƙe ƙafa inci 40.8 ita kuma Camry 38, but ɗinta ma ya fi girma. Ga mai yara uku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda Camry ta fi ta: Accord ba ta da mai ƙafa huɗu ko kaɗan, ƙananan samfuranta ba haibirid ba ne inji 1.5 ne mai turbo, sai ka hau sama kafin ka samu haibirid, sannan haibirid ɗin ba ta zuwa da safaya sai 'yar na'urar faci, Camry kuwa tana da ƙaramar safaya.

Ƙafa huɗu ni ban ga dole ba. A Camry wani ɗan injin lantarki ne a ƙafafun baya yake taimakawa in gaba ya fara sulɓi, ƙarfin doki ya tashi daga 225 zuwa 232, tana taimaka maka wajen tashi amma ba ta ƙara maka birki. Tayoyin hunturu masu kyau sun fi ta amfani ranar da titi ya daskare.

Kuma don Allah in ka koma wajen dila kar ka yarda a yi maganar nawa za ka riƙa biya a wata, ka ce a rubuta maka jimillar kuɗin da za ka fita da mota da shi, da haraji da komai. Ni an taɓa cusa min kuɗin wai kariyar fenti da ƙarin garanti a takarda ban nema ba, sai da na ce zan tashi aka cire. In kana gudun ruwa a bashi, wannan ma wani dalili ne na tsayawa a wadda aljihunka zai iya biya ba tare da ka ɗauki nauyi mai yawa ba.

Usta na Panteka:

Salam Alhaji. Ni bakanike ne a nan Kaduna, a kan maganar turowa gida zan yi magana.

Camry dai ba baƙuwa ba ce a wajenmu, tun daga tsofaffin samfuranta da muke kira Big Daddy har Muscle mun kwance mun ɗaura, kuma haibirid ɗin Toyota ba abin tsoro ba ne yadda mutane ke zato, ba ta da kik ba ta da altaneta ba fambel, birkinta ma yana daɗewa don injin lantarkin ne ke rage gudu kafin birkin ya kama. Matsalar ba motar ba ce, hannun da za ta faɗa ne.

Abu uku nake gani suna kashe su a nan. Na farko, batir ɗin yana ƙarƙashin kujerar baya, akwai fanka da ke zuƙo iska daga cikin mota tana sanyaya shi, da 'yar raga a bakin ƙofar iskar. In hunturu ya zo ƙura ta toshe ragar nan, ko yara su jefa leda ko a jingina jaka a wajen, batir ya yi ta zafi ba wanda ya sani har ya mutu. Minti biyar ne aikin share ta amma sai ka ga mota ta shekara uku ba a taɓa buɗewa ba. Na biyu esi, kwamfaresarta ta lantarki ce, mai na musamman take sha, in aka kai wa mai esi na bakin titi ya ɗura mata man da ya saba zuba wa sauran motoci to an gama da ita, har motar ma ta iya ƙin tashi. Na uku baƙin mai, wannan sabuwar siriri take so sosai, 0W-8 aka rubuta mata, mu kuwa nan an saba da mai kauri, yaro zai zuba 20W-50 ya ce ai ƙasarmu da zafi. In za ka turo ta ka haɗo da katan na mai da filtoci, kuma ka sa a hannun mutum ɗaya mai kwamfutar duba mota.

Garantin batir da suke ba ku can, shekara 10 ko mil 150,000, ba ya biyo mota Najeriya, ka san da wannan.

A zaɓi kuwa LE zan ce, mai ƙafa biyu. Motar a ƙasa take, tsakaninta da ƙasa bai wuce santimita 14 ba, in an cika ta da mutane sai an bi tudun rage gudu a karkace, to ka ƙara mata siririyar taya a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko cikin unguwa da damina ka gani. Taya 16 kowane mai faci yana da ita ko zai samo, 19 sai ka aika Legas ko Abuja. Kuma duk ƙarin kayan lantarki, rufin gilashi ne, kujera mai motsi da lantarki ce, ƙafa huɗu ce, ƙarin abin lalacewa ne da ba a samun kayansa da wuri. Ka riƙa wanke ƙasanta in hunturunku ya wuce, motocin da ke zuwa mana daga yankin gishiri da tsatsa suke isowa, sai ka ɗora sifana noti ya karye.

Baban Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Na karanta wa maiɗakina duka, ta ce in dai za a samu ɗumama kujera da sitiyari a LE ta yarda, amma sai an sa rigar kujera a baya saboda abin da Maman Sadiq ta faɗa. Ƙafa huɗu na cire ta. Ranar Asabar in sha Allah za mu kwashi yaran da kujerunsu mu gwada Camry ɗin mu gwada Accord. Usta don Allah ragar batir ɗin nan, wankewa ake yi ko canzawa, kuma duk wata nawa kake ganin ya dace a duba ta a wajenmu da babu ƙura sosai?