Hutun Disamba da yara huɗu: Waza, Ngaundere ko bakin teku?

Uwar Huɗu, Yalwa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba tafiya da ƙananan yara. Maigidana zai sami hutu a ƙarshen Disamba, daidai lokacin da ake rufe lakwal, kuma tun bayan babbar salla nake zubin adashi, da nawa da nasa mun haɗa jaka 250 don yaran nan su ga wani wuri a nan Kamaru. Duk hutu Gidar muke kai su wurin kakarsu. Ba zumunci na raina ba, amma can daga gaisuwa sai gaisuwa, ni ina madafa, su suna ƙofar gida, mu dawo ba su ga sabon abu ba.

To kowa da inda ya ƙallafa rai. Babansu gandun namun daji na Waza yake so, don an kai su suna 'yan makaranta, har yau labarin raƙumin dawa bai bar bakinsa ba. Babbar 'yata mai shekara 13 jirgin ƙasa take son gani, a littafi kawai ta san shi. Mai bi mata ya ji labarin Kiribi wurin abokinsa, shi teku ko a fasa. Na ukun duk inda aka ce, ya yarda. Ni kuwa auta nake dubawa. Shekararta 2, ko Pitowa muka je cin kasuwar Lahadi sai ta yi amai a mota kafin mu isa. Ina za mu nufa da kuɗin nan, yara su ji daɗi, ni ma kada in dawo a galabaice?

Tsohon Direba, Marwa

Wa'alaikumussalam. 'Yata, ki gaishe da maigidan naki, ki ce masa na ce ya bar maganar Waza tukuna. Gaskiyarsa, wuri ne mai kyau, na sha kai baƙi can a da, raƙuman dawa suna tsallaka hanya a gabanka. Amma Wazar da ya sani ba ita ce ta yanzu ba. Tun watan Fabrairun 2013 da aka sace Faransawan nan iyali guda, har da yara huɗu, a wajen Dabanga bayan sun fito daga gandun, hanyar ta canza. Daga Mora zuwa Kuseri mu da muke neman abinci a kanta ma da addu'a muke bi, ga ramuka. Ba hanyar da mutum zai ɗauki goyo ya hau don yawon buɗe ido ba ce.

In namun daji yake so ya nuna musu, ga gandun Binuwai nan kusa da ku, a kan hanyar Ngaundere. Akwai dorina da kada a kogi, akwai ɓauna, gwanki da gwaggon biri. Sai dai a Disamba ciyawa ba ta gama faɗuwa ba, za ku iya wuni kuna zagaye ba ku ga komai ba sai birai. Lokacinsa daga Fabrairu zuwa Afrilu, in ruwa ya janye dabbobi sun taru a bakin kogi. Kuma sai da mota mai ƙarfi, sai da sammako, ga ƙudan tsando. Manyan biyun za su iya, auta ba za ta iya ba.

Kiribi kuwa ki lissafa: mota zuwa Ngaundere, kwana a jirgi zuwa Yawunde, sannan wata motar. Ku shida, zuwa da dawowa, kuɗin ya ƙare a hanya.

Maman Tagwaye, Baladji, Ngaundere

'Yar'uwa, ba don garinmu ba ne, amma ku taho nan. Daga Garwa bai kai kilomita 300 ba, in kun kama motar asuba kafin la'asar kun huta. Wuri ɗaya zan ja miki kunne a kai, hawan dutsen nan bayan an wuce Mbe. Kwana-kwana ne, nan yara suka fi yin amai. Kada ki cika wa auta ciki da madara ko abu mai mai kafin ku tashi, ki nemi kujera ta gaba kusa da taga, ki sa leda da zani na canji a jakar hannu, ba a kayan da za a ɗaure a sama ba.

Abin da zai fara ba ku mamaki sanyi ne. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,000, kuma Disamba tsakiyar hunturu ce. 'Ya'yan ƙanwata da suka zo daga Garwa, da asuba babba ya fito alwala ya taɓa ruwan buta, ya koma ɗaki da gudu yana hura hannu. Ki zo musu da rigunan sanyi, safa, hula da man shafawa, don leɓe yana tsagewa.

Maganar jirgi, burin 'yarki ya cika ba tare da kun sayi tikiti ba. Nan layin dogo ya ƙare, tun 1974 ya iso. Jirgin fasinja da yamma yake tashi zuwa Yawunde, wani ya iso da safe. Ku je wajen tasha bayan la'asar ku ga yadda ake lodi: masu zuma da jarkoki, masu kilishi, masu dako da buhuna a ka. In ya yi ƙugin tashi, ki riƙe auta da kyau, ƙarar tana firgita yaro.

Ranar Juma'a ku je ƙofar fadar Lamiɗo ku ga fitarsa masallaci, da algaita da dogarai. Wata safiyar ku ɗauki taksi zuwa tafkin Tizon, yana kusa da gari, tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, itatuwa sun zagaye shi, wurin shimfiɗa tabarma a ci abinci. Gangaren ruwan Vina ma ba nisa, kan hanyar Meiganga. Ga mai son teku, wannan zai rage masa zafi. Amma duwatsun bakin ruwan suna da santsi, kowane yaro a san wanda yake riƙe da hannunsa. Na Tello ya fi girma, sai dai da nisa kuma hanyar ƙasa ce, da goyo ban ba ki shawara ba.

Masauki, ki nemi ɗaki biyu mai wurin girki maimakon otal. Dankali, piya da kindirmo suna da araha a nan, abin da za ki rage a abinci shi zai biya muku taksi.

Ma'aikacin Asibiti, Garwa

Yaya, ni da za ki ji tawa, da Lagdo za ku fara. Tafiyar safe ce a dawo da yamma, yara su ga madatsar da aka gama a 1982, wadda take ba mu wuta, su ga jiragen masunta, ku ci kifi. Da haka za ki gwada auta a mota kafin doguwar tafiya. Amma ko a Lagdo ko a Tizon kada kowa ya shiga ruwa. Ruwan da ke kwance shi ke kawo tsargiya, muna ganin yara masu fitsarin jini, ga dorina a Lagdo. Ki tafi da gidan sauro da gishirin zawo, da takardun haihuwar yara saboda shingen jandarma.

Uwar Huɗu, Yalwa, Garwa

Allah ya saka muku da alheri. Baba Direba, na karanta wa maigidana saƙonka, ya yi shiru, daga baya ya ce ai ya san gaskiya ce. Mun tsaya a kan Ngaundere. Gandun Binuwai zai kai manyan biyun a hutun ƙarshen Maris, ni da ƙananan muna gida. Lagdo za mu je wata Asabar kafin tafiyar, in ga yadda auta za ta yi, kuma ba mai taɓa ruwa. Kakarsu na kira ta, ta ce mu biya mata da zuma in mun dawo.

Maman Tagwaye, saura abu ɗaya. A wace unguwa zan nemi ɗakin, Baladji ko Sabongari, inda ba nisa da tasha kuma ruwan famfo yana zuwa? Kuma kwana huɗu sun isa mu ga waɗannan wuraren ba tare da na wahalar da yara ba? Ina so Juma'a ta faɗo a ciki.