Musayar Waƙa: Hawan Dutsen Sukur

Ɗan Gulak:
Salama gare ku ma'abota waƙa,
Mai son Sukur, ga hanyar zuwa.
Daga Yola a bi Gombi, a wuce Hong,
Sai Michika, a Gulak ake tsayawa.
Ƙasar Madagali ce, gab da Kamaru,
Duwatsun Mandara kake hangowa.
Ka fara tambayar labarin tsaro,
Harin Boko Haram na 2014 ba a mantawa.

Gwaggon Michika:
Ɗana, ka ba da hanya ka bar lokaci,
Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi.
Bayan asuba ake kama hawa,
Kafin rana ta gasa dutse da zafi.
Hanyar daɓe take da falalen duwatsu,
Da damina kuwa sai ta yi santsi.
Silifa kan tsinke a tsakar tudu,
Takalmi mai kama ƙasa shi ya fi.
Ruwa lita biyu kowa ya riƙe,
Kusan awa biyu ce ga mai bi a hankali.

Malam Mai Tarihi:
Gwaggo, kin kyauta, bari in ɗora,
Ga abin da ido zai tarar a sama.
Fadar Hidi, sarkin mutanen Sakun, wato Sukur,
Dutse bisa dutse aka jera katanga.
Ga rumbunan hatsi, ga ramin bijimi,
A ciki ake turke shi ya yi ƙiba.
Ga murhun da a da ake narka tama,
Da gawayi da zugazugi ake hura wuta.
Baƙin yashin rafi a da suke tacewa,
Ƙarfensu har Borno ya kai kasuwa.
A 1999 UNESCO ta sa Sukur a kundin wuraren tarihi na duniya,
Shi ne na farko a duk Najeriya.

Manomin Hong:
Malam, ka tsallake gonakin matakala,
Su ne abin da ya fi burge ni.
Jeren duwatsu ke tare ƙasa da ruwa,
Dawa da wake su samu wurin zama a tsauni.
Baƙo, kada ka taka bakin jeren,
Dutse ɗaya in ya goce an shiga rikici:
Ruwan farko zai bi ta wannan kafa,
Ya kwashe ƙasa, ya bar manomi da gini.

Ɗan Gulak:
Baba, gaskiyarka. Ga sauran ladabi:
A ɗauki ɗan gari ya yi jagora,
A gai da Hidi kafin a zaga,
Wuraren tsafinsu ba a shiga sai da izini,
Hoto ma sai an tambaya.
A kamo gangara kafin la'asar,
Da sanda a hannu, don gwiwa na rawa.