Zambo, habaici ko gatse: me za mu kira dariyar da mutanen Indonesiya ke yi wa mahukuntansu?

Mai buɗe zance, daga Kano:

Malamai da 'yan uwa, assalamu alaikum. Ina shirya shirin rediyo a kan yadda mutanen Indonesiya ke yi wa maciya rashawa dariya, sai na cije a kan kalmar da Turawa ke cewa "satire". Ga abin da nake son raɗa wa suna. A watan Nuwamba na 2017 hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar, KPK, tana neman kakakin majalisar dokoki, Setya Novanto, a kan kuɗin aikin katin shaidar ɗan ƙasa, inda aka ƙiyasta asarar rupiya tiriliyan 2.3. Aka je gidansa ba a same shi ba, washegari da dare sai ga labari cewa motar da yake ciki ta daki falwayar lantarki a Jakarta, an kwantar da shi a asibiti. Lauyansa ya ce ƙululun da ya fito masa a ka ya kai girman bakpao, wani dunƙulen burodi da ake turarawa. Maimakon jama'a su yi ta zagin kakakin, sai suka koma yi wa falwayar jaje a intanet, suna tambayar yadda ta kwana, suna kira da a ceto ta. A Afrilun 2018 kotu ta ɗaure shi shekara 15. To, jajen da aka yi wa falwaya, mene ne sunansa da Hausa?

Daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Masu nazarin adabi sun daɗe suna amfani da "zambo" a wannan gurbi, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba, domin zambo shi ne a siffanta mutum ta yadda za a yi masa dariya, kowa kuma ya gane shi. Damuwata ita ce alƙiblarsa. A waƙar fada, makaɗi yana yi wa abokan hamayyar sarki zambo ne, musamman 'yan uwansa da suka nemi sarauta suka rasa, saboda haka zambo makami ne a hannun mai mulki, kuma maroƙi yakan yi wa wanda ya hana shi kyauta. Abin da ka kawo kuwa daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama, ba kuma don a samu riga ko doki ba.

Wanda ya fi kusa da wannan aiki a al'adarmu shi ne wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi a bainar fada abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Mutanen tsibirin Jawa na Indonesiya suna da irinsa a wasan inuwa na wayang, inda barori huɗu masu ban dariya, Semar da Gareng da Petruk da Bagong, suke katse labarin jarumai su taɓo tsadar rayuwa da halin shugabanni. Sai dai ba za mu ce "wauta" ba, don ma'anarta ta riga ta tafi wani wuri.

Daga Sakkwato:

Malama, Allah ya ƙara basira. Ni "habaici" na so in kawo, tun da mutanen Indonesiya su kansu suna da kalmar sindiran mai ma'ana kusa da haka, kuma tun da aka kafa dokar sadarwar intanet ta 2008, wadda aka sha gurfanar da mutane a ƙarƙashinta bisa zargin ɓata suna, matasansu sukan sakaya sunan ƙasar su kira ta Konoha, wani gari na almara, sannan su faɗi abin da ke ransu. Wannan habaici ne tsantsa, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Amma da na gwada kalmar a kan wani misali sai ta gaza. Marigayi Abdurrahman Wahid, wanda ake kira Gus Dur, malamin addini da ya shugabanci ƙasar daga 1999 zuwa 2001, yana da sanannen barkwanci cewa 'yan sanda masu gaskiya uku ne kawai a Indonesiya: mutum-mutumin ɗan sanda, da tudun rage gudun mota da suke kira "ɗan sanda mai barci", da Hoegeng, tsohon shugaban 'yan sanda da aka shaida da riƙon amana. A nan ba a ɓoye kowa ba. Shi ya sa a 2020, da wani mutum a tsibiran Sula ya sake wallafa maganar a Facebook, 'yan sanda suka kira shi ofis, har sai da ya nemi afuwa. Habaici yana barin ƙofar musu a buɗe, wannan kuwa ya rufe ta.

Daga Damagaram:

Malamai, a gafarce ni in sa baki. A ganina muna haɗa sana'a da kayan aikinta. Jajen falwaya gatse ne, Konoha habaici ne, maganar Gus Dur shaguɓe ce mai kaifi, amma dukkansu kayan aiki ne, kamar yadda guduma da uwar maƙera ba su ne ƙira ba. Ku dubi abin da ya faru a 2009, lokacin da wani babban jami'in 'yan sanda, Susno Duadji, ya kwatanta KPK da tsaka mai son ja da kada. Raini ya nufa, sai jama'a suka karɓe maganar suka mai da ita kirari, aka cika zane-zane da alluna da hoton 'yar tsaka a gaban bakin kada, sama da mutum miliyan ɗaya kuma suka shiga wani shafin Facebook na goyon bayan shugabannin hukumar biyu da aka kama. Wannan ba gatse ba ne, ba habaici ba ne, amma duka gida ɗaya suke.

Abin da ya haɗa su shi ne ana dariya, wanda ake yi wa dariyar ya fi ƙarfin mai yi, kuma laifin da ake nunawa ya shafi dukiyar jama'a. Shawarata mu riƙe "zambo" saboda kunne ya saba da shi, mu ƙara masa abin da zai juya alƙiblarsa kamar yadda Malama ta nuna, mu ce "zambon gyara", daga karin maganar nan ta gyara kayanka.

Mai buɗe zance:

Na gode ƙwarai. Na gwada shi da baki kafin in amsa: "Matasa sun yi wa majalisa zambon gyara." "An kira shi ofishin 'yan sanda saboda zambon gyara." Ya zauna, kuma yana ba mu "mai zambon gyara" ga mai yin sa, ko da alƙalami ko da zane. Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne ban tabbata masu yi wa falwaya jaje sun sa rai kakakin zai gyaru ba, na fi zaton huce haushi suke yi. Duk da haka kakakin ba shi kaɗai ke saurare ba, akwai alƙalai da sauran 'yan majalisa, saboda haka na karɓa. Zan yi amfani da "zambon gyara" a shirin, in bar gatse da habaici da shaguɓe a matsayin dabarunsa. In masu saurare sun bugo waya suna tambayar ma'anarsa, zan dawo nan mu sake zama.