Hayar mutum-mutumi a sito: za ta yiwu a Legas?

Daga zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Arewa mazauna Legas, bayan la'asar.

Injiniya (Ikeja): Salamu alaikum iyayena. Ina nan a kan maganata ta jiya. Mai sito ba sai ya sayi mutum-mutumi ba, wato na'urar robot mai aiki da kanta, haya zai ɗauka. Kamfani ya kawo ya kafa, gyara da manhaja duk a wuyansa, kai kuma ka riƙa biya wata-wata kamar kuɗin DStv. Haka Locus Robotics ke yi a Amurka, DHL ma na aiki da nasu. Mai ƙaramin jari ya samu ƙofa ke nan.

Alhaji (Mile 12): Wa alaikumus salam. Injiniya, ka taɓa shigowa kasuwarmu da damina? Tirela ta iso da kwandunan tumatir daga Kano, taɓo har idon sawu, yaro ya ɗora gammo ya ratsa lungun da baro ma ba ya wucewa. Wace na'ura ce za ta bi nan?

Injiniya: Allah ya ja kwana, ba Mile 12 nake nufi ba. Sito mai daɓen siminti nake nufi, inda kwalaye ke zuwa girma ɗaya, irin na Ikeja da Apapa.

Hajiya mai fiya wata (Agege): To ai da ni kake, ɗana. Da wane kuɗi ake biyan hayar?

Injiniya: Na waje dai da dala ne, Hajiya.

Hajiya: Shi ke nan. Farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu kafin nan, hayarsa ta ninka uku yana zaune, masu sayen ruwansa kuwa naira suke miƙo masa. A 2024 gwamnatin Legas ta kai mafi ƙarancin albashi naira 85,000. Ka canza shi zuwa dala ka gani ko zai riƙe ƙarfen nan mako guda. Ga wuta, a Afrilun 2024 an kai 'yan Band A, masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kan yunit, in an ɗauke kuma sai dizal.

Injiniya: Saye ma ai da dala ne. Ke da bakinki kika ba mu labarin injin liƙe ledarki da ya tsaya kina jiran ƙaramin ƙarfe daga Sin, ga albashi kina biya. Da na haya ne, ranar da ya tsaya asarar mai shi ce, shi zai rugo da makaniki. Abin da ake saye da kuɗin wata ke nan. Kuma in ciniki ya buɗe gab da Sallah ki ƙaro biyu, ya lafa ki mayar.

Hajiya: Wannan kam ka taɓa ni inda ke ciwo.

Malam (Idi-Araba): Ku dakata. Mai keke Napep da ke biya sannu-sannu, ran da ya gama keken ya zama nasa. Wannan fa? Shekara goma kana biya, ko ƙusa ɗaya ba taka ba ce. Kuma irin solar nan ce ta biya-ka-haska, ka makara su kashe ta daga ofishinsu, kaya na jibge.

Alhaji: Malam ya gama magana. Amazon da suka ga amfanin abin, haya suka yi? Kamfanin Kiva mai ƙera mutum-mutumin sito ɗungurungum suka saye a 2012, dala miliyan 775.

Injiniya: Alhaji, manomin da ke hayar tarakta ta Hello Tractor shi ma ba tasa ba ce, amma gonarsa ta nomu.

Malam: Tarakta sau ɗaya take zuwa a damina. Ni yaranmu nake ji. Da aka hana acaba a Ikeja da Surulere a 2022, wasunsu dako suka koma. A sake kora su ina?

Injiniya: Ko na'urar tana son mai loda mata da mai duba ta.

Malam: Mutum nawa cikin ashirin?

Hajiya: Injiniya, ka nemo min wanda zai rubuta yarjejeniya da naira, makanikinsa yana nan Legas, kuma ranar da injin bai yi aiki ba babu biya. Wurin ɗaure jaka kawai zan gwada, nan ne yarana ke yawan gudu saboda ciwon baya.

Alhaji: Ku ci gaba, motata ta iso Berger, bari in tara yara.