Intakula ta cika da baƙin mai

Mai Hilux, Ringim: Salam ƴan uwa, na kwance intakula na motata (abin da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji) na tarar cikinta duk baƙin mai, waje kuma ƙurar hunturu ta toshe ta, da me zan wanke?

Bakanike: Zuba kananzir ka toshe bakunan biyu ka jijjiga, ka zubar, ka maimaita har ya fito fes, sai ruwan omo, ka shanya ta a rana ta bushe ƙarau kafin ka ɗaura, ruwa ya shiga inji ai ka gama yawo. Kuma kar ka kuskura ka sa sodar yin sabulu, tana cin alminiyom.

Direban Hadejia: Oga gaskiya ne. Amma in man da yawa duba turbo (abin da ke tura iska ta cikin intakular zuwa inji), in shi ke yoyon man ko ka wanke zai dawo.

Mai Hilux: To Allah ya sa ba turbon ba ne, aljihu ba nauyi wallahi.